Kafin A Ƙara Kuɗin Wuta, A Fara Rage Tsadar Samar Da Ita

Duk sa'ad da aka koka kan rashin wutar lantarki a Nijeriya, amsar mahukunta guda ce: wai abin da jama'a ke biya bai kai abin da ake kashewa ba. Da wannan hujja ce aka ɗaga farashin ma'auni guda na wuta zuwa naira 225 ga 'yan rukunin "A" a watan Afrilun 2024, wato ninki uku da ɗoriya. Tambayar da ake gudu ita ce: mene ne ya tsawwala samar da wutar tun farko?

Mafi yawan wutar ƙasar nan da iskar gas ake samar da ita. Gas ɗin daga ƙarƙashin ƙasarmu yake fitowa, amma da dalar Amurka ake yanke wa tashoshi farashinsa. Saboda haka da naira ta faɗi a 2023, sai tsada ta yi sama alhali ko ƙwan fitila ɗaya bai ƙaru ba. Abin takaici, irin wannan gas ɗin ne ake ƙonawa a banza, dare da rana, a yankin Neja Delta. Lalle masu haƙo shi ba za su sayar a kan asara ba, to amma a yi ciniki da su da naira, a kuma biya su a kan lokaci, domin bashin da suke bi yana cikin abin da ke hana tashoshi samun gas.

A nan ne babbar ɓarnar take. Injunan da aka girka za su iya ba da kimanin megawat 13,000, amma da ƙyar abin da ke isa ga jama'a yake wuce 5,000, saboda ƙarancin gas da raunin layukan dako. Injin da ke kwance kuwa ba ya daina cin kuɗi: bashin sayensa yana nan, albashin masu kula da shi yana nan, kuma duk a kan 'yar wutar da ta samu ake lafta su.

Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ba sa sayen makamashi, ruwa ne ke juya su. An kammala Zungeru mai megawat 700 a 2023, amma Mambila har yau tana kan takarda. Ita kuwa rana, wadda Arewa ke da ita har ta yi yawa, farashin faifanta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. An ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 a 2016 don gina tashoshinta, maganar ta bi ruwa. Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, don haka gwamnoninmu ba su da sauran uzuri. Da akwai manyan tashoshin rana kusa da Kano da Katsina, da duhun da ya lulluɓe Arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024 bai tsayar da injunan niƙa da na walda da tsakar rana ba.