Malamin Turanci Ba Sai Bature Ba

Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu makarantun kuɗi a Bauchi ke tallar "lafazin Ingila", iyaye na ta zuba kuɗi, alhali malamin da ya tashi a Wunti ko Jahun, da digirinsa na Turanci a hannu, ana yi masa kallon bai isa ba don an ji Hausa a harshensa. A garin nan fa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1933, shi ne kuma ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 da Turancin da har yau ake yabo. Malamin da ya sha wuyar koyon harshen ya san inda yaro Bahaushe ke tuntuɓe, ya san abin da ke sa shi cakuɗa "p" da "f", kuma zai warware masa da Hausa nan take. Haifaffen Landan bai taɓa bin wannan hanya ba. Ku je makarantar ɗanku, ku duba ko yana karanta shafi ya fahimta, ko yana iya rubuta wasiƙar da maki zai fito a WAEC.