Wannan Ba Kakarku Ba Ce

Wata sana'a ta yi kasuwa a 'yan shekarun nan, tun daga shagunan kwamfuta na Gusau har zuwa wayar yaron da ke zaune a bakin kasuwa a Anka ko Gummi. A kawo tsohon hoton aure wanda gara ta ci gefensa, ruwa ya ɓata tsakiyarsa, a ɗauke shi da waya, a tura wa manhaja. Kafin a ƙirga ashirin sai ga amarya ta fito tas, fata sumul, ido ƙyal, kamar jiya aka ɗaura auren. Masu yi suna kiran abin gyara. Ni musanya nake kiransa, kuma lokaci ya yi da za mu daina tafa wa wanda ya karɓi kakarmu ya miƙo mana wata mata daban.

Mu fara da yadda abin yake aiki, don a nan ruɗin yake. Inda ruwa ya wanke fuska a jikin takarda, babu abin da ya rage a ƙarƙashi. Babu wata fuska da ta ɓuya tana jiran na'ura ta tono ta. Abin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Remini suke yi shi ne kintace. An nuna musu dubban fuskokin mutane har suka haddace yadda ido da hanci da leɓe suka saba zama, to idan suka tarar da gurbi sai su cike shi da abin da suka fi sabawa da shi. Wani tarin hotuna da masu wannan fasaha suka dogara da shi ƙwarai, wanda kamfanin Nvidia ya haɗa, fuskoki dubu 70 ne da aka kwaso daga shafin Flickr. Sai mai karatu ya tambayi kansa: a cikin dubu 70 ɗin nan, fuskoki nawa ne na matan Bukkuyum? A watan Yunin 2020 an ba wata manhaja mai suna PULSE dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar Bature. Idan na'ura ta yi wa mutumin da duniya ta haddace kamanninsa haka, me za ta yi wa amaryar da aka ɗauka sau ɗaya tak a rayuwarta?

Amsar tana cikin wayoyinmu. Fata takan yi haske. Hanci yakan miƙe. Wushirya takan toshe. Idan hoton baƙi da fari ne aka sa masa launi, zanen saƙi mai baƙin rini yana iya komawa shuɗin yadin kanti, murjani ya zama sarƙar da ba a san ta ba a zamanin. Mafi muni duka shi ne tsaga. Na'ura ba ta san bambancin ƙarzanen da ƙusa ta yi wa takarda da zanen da wanzami ya yi a kunci ba. A wurinta duka lahani ne, duka sharewa take yi. Bille ya tafi, kalangu ya tafi, zube ya tafi.

Wanda ya san ƙasar Zamfara ya san abin da aka share. A yankin Anka, inda sarautar Zamfara ta zauna tun ƙarni na 19, da askar fuska ake gane Bazamfare da Bagobiri da Bakabe tun kafin su buɗe baki. Da ita baƙo yake gane ɗan'uwa a kasuwa, da ita taubashi yake gane wanda zai tsokana. Ba ina kiran a koma yi wa jarirai tsaga ba ne. Al'adar ta ja baya, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana ta. To amma wannan shi ne ya ƙara wa tsohon hoto daraja. Tsofaffin da ke ɗauke da wannan rubutu a fuska suna ƙarewa, nan gaba kaɗan a takarda kawai zai saura. Mu kuma da hannunmu muke biyan kuɗi a goge shi.

A wani wurin ana iya cewa wannan ƙaramar asara ce. Ban da yammacin Zamfara. Sunke na cikin ƙauyukan ƙaramar hukumar Anka da gubar dalma ta yi wa ɓarna a 2010, tare da Abare da Dareta, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a jihar, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A gidan da ba a taɓa ɗaukar yaron hoto ba, idan ƙanensa ya girma ya tambayi kamannin yayansa, hoton auren iyaye za a ɗauko a ce masa, idon Inna ne da shi, goshin Baba. Yaya ke nan idan idon da ke cikin hoton ba na Inna ba ne?

Bayan gubar sai 'yan bindiga. A farkon Janairun 2022 sun afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, suka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai kusan 200. A daminar 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a garin Gummi. Wanda ya gudu cikin dare ba ya ɗaukar akwati. Idan hoto ɗaya ya tsira a cikin aljihun riga ko ƙasan kwalla, to shi ke nan shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wannan gida, an yi biki a cikinsa, an sa lalle, an yi guɗa. Irin wannan takarda amana ce. Mai shagon da ya karɓe ta, ya danna waya sau biyu, ya buga sabuwar fuska mai sheƙi, ya bar mai ita ya tafi yana zaton mahaifiyarsa ce, ya ci amana ko da bai yi niyya ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce mutane suna murna, wasu har hawaye suke yi. Gaskiya ne. Amma wanda ya yi shekara talatin bai ga fuskar uwarsa ba zai yi kuka a kan duk abin da ya yi kama da ita, kuma kukan nasa ba hujja ba ce cewa an faɗa masa gaskiya. Shi ma da sauƙi, domin ya san ta, zuciyarsa za ta gyara abin da na'ura ta ɓata. Jikokin fa, da ba su taɓa ganinta ba? Su wannan baƙuwar za su gada. Ita za a riƙa turawa a zauren dangi na WhatsApp, ita za a buga a kalandar biki, har ranar da ba sauran mai cewa, a'a, Hajiya baƙa ce, tana da bille.

Za a kuma ce ai masu hoton da ma suna yin kwaskwarima. Haka ne. Seydou Keïta da Malick Sidibé, mashahuran masu hoto na Bamako, sun riƙa tsayar da mutane a gaban labule mai ado, da rediyo ko babur a gefe. Mai hoton ƙauye ma yana da labulensa da fulawar roba. Amma a can amarya tana nan da ranta. Ita ta zaɓi zanen da za ta ɗaura, ita ta ja tozali, ita ta ga dama ta sunkuyar da kai. Kwalliyar da mutum ya yi wa kansa tana cikin tarihinsa. Wadda aka yi masa bayan ya kwanta dama, ba da saninsa ba, bisa ma'aunin kyau na wasu mutane, wani abu ne daban. Kuma mu duba ma'aunin da kyau. Al'ummar da ke fama da man bilicin a fatar 'ya'yanta mata yanzu ta samu hanyar shafa wa matattunta. Duk yarinyar da ta ga an haskaka kakarta aka ce yanzu ta yi kyau, ta ɗauki darasi.

Ba gyaran nake ƙi ba. Muna da ma'aunin gyara na gaskiya tun kafin zuwan kwamfuta, wato gyartai. Idan ƙwarya ta tsage, gyartai yakan ɗinke ta, ɗinkin yana nan a fili kowa na gani, kuma ƙwaryarki ce dai ya mayar miki. Bai taɓa jefar da ita ya ba ki roba ya ce ga ƙwaryarki ba. Masana adana kayan tarihi na duniya ma a kan haka suka tsaya a yarjejeniyar birnin Benis ta 1964: gyara ya tsaya a inda kintace ya fara, kuma abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Mai gyaran hoto na ƙwarai zai cire ƙura da tabon ruwa daga bango da tufafi, ya haɗa inda takarda ta yage, ya daidaita hasken da ya dushe. Idan ya iso fuska sai ya sassauta hannu. Inda rabin kunci ya tafi, ya tambayi dangi, ya nemi wani hoton na mai fuskar, in babu ya bar wurin a dushe. Gurbi ba abin kunya ba ne. Yana gaya wa mai kallo cewa wannan takarda ta sha ruwa, ta sha gudu, ta kuma tsira.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai irin wannan hoto. Kada ka bar na asali a shago, kada kuma ka yarda a manne shi cikin leda da zafi, domin ba ya ɓantaruwa sai da ɓarna. Ka ɗauke shi da waya a inuwa da rana, ba tare da walƙiyar kyamara ba, gaba da baya, ka ajiye wannan ɗauka yadda take kafin kowa ya taɓa ta. Ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban, ka tura shi a matsayin fayil don kada WhatsApp ya rage masa ƙarfi. Ka rubuta da fensir a bayan takardar: wace ce, 'yar wane gida, wane gari, wace shekara. Idan an yi gyara, a kai wa tsohuwar da ta san amaryar ta duba tun kafin a buga. Ta ce ita ce, to madalla. Ta yi shiru tana juya wayar, a goge.

Ku kuma masu shago da matasan da ke karɓar wannan aiki, ba wanda ya hana ku neman halalinku. Amma ku faɗa wa mai kaya gaskiya cewa na'ura kintace take yi. Ku ba shi kwafi biyu, wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba, ku rubuta a ƙasan na farkon cewa an gyara. Idan kun ga layi a kunci, ku tambaya kafin ku share.

Yankin nan ya rasa yara, ya rasa ƙauyuka, ya rasa har ƙasar tsakar gidansa. Waɗannan ƙwace su aka yi da ƙarfi. Fuskokin iyayenmu kuwa ba wanda ya sa mana bindiga a kansu. Idan suka ɓace, mu muka bayar.