Zafin bazara a Manchok: a duba rufi kafin hadari ya taso

Duk wanda ya kira gida a 'yan kwanakin nan, ko Manchok ne ko Kagoro ko Kafanchan, magana ɗaya zai ji: zafi ya yi yawa, gumi ba ya bushewa, dare ma ba a barci. Mu da ke zaune a Agege, Sabo ta Ibadan, Shagamu ko Anacha sai mu yi dariya, mu ce ai mu kullum cikinsa muke. To amma fa akwai bambanci. A Legas abin tsoron damina ambaliya ce. A can gida, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, iska ce ke yin ɓarna.

Ga yadda abin yake. Idan hunturu ya ja baya, iska mai laima daga tekun Atilantika takan turo arewa, ta haɗu da busasshiyar iskar Sahara. Rana ta gasa ƙasa, laimar nan ta yi sama, gajimare ya taru ya yi tsiri. Manchok kuwa, da ke ƙaramar hukumar Kaura, a gindin tsaunukan Filato take, ga duwatsun Kagoro a gefe. Tudu yakan tilasta wa iska hawa, shi ya sa yankin yake samun ruwa da wuri, tun Afrilu, lokacin da Kano da Katsina ke jiran Yuni. Kuma hadarin nan daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kamar yadda tsofaffi suka sha faɗa. Ma'ana, abin da ya haɗu a kan tudun Jos da rana, su Manchok ne a kan hanyarsa da yamma. Kafin ɗigon farko ya sauka, sanyayyar iska ce ke rigan shi isowa da ƙura da ƙarfi, kuma ita ce ke yaye kwano.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Gidaje da yawa da ake ginawa a gida, da kuɗin 'yan ci-rani ake gina su. Mutum ya yi shekara biyar yana tura kuɗin bulo da siminti, idan an zo kan rufi aljihu ya gaji, sai a sayi kwano mara kauri, a rage katako, a rage ƙusa. Mai gida yana Fatakwal, hoto kawai ake turo masa ta WhatsApp, rufi na ƙyalli, ya ce madalla. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ko an ɗaure katakon da jikin ginin. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman ta baki-baki da kusurwa. In ba a ɗaure da rodi ko waya daga linta ba, duka rufin ne zai tashi gaba ɗaya, ya faɗa gidan maƙwabci ko kan wayar lantarki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni a ganina, kuɗin da za a tura wa kafinta a watan Maris ya hau ya duba, ya ƙara ƙusa, ya canja katakon da gara ta ci, ya fi kuɗin jaje da ake tarawa a Mayu amfani nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyinmu na nan kudu sun iya karo-karo bayan an yi asara, wannan kam ba a fi mu ba. Amma ban cika jin an tara don gyaran rufin makarantar firamare ko asibitin unguwa kafin iska ta zo ba. Hukumomin agaji, NEMA da ta jiha, aikinsu sai bayan ta afku, su zo su ƙirga, kayan kuwa sai ranar da aka gan su. Ga shi kuma tun cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, iyalai da yawa ba su da rarar da za su sake rufi sau biyu.

Akwai kuma bishiyoyi. Mangwaro da ɗorawa da kaɗanya da ke tare wa gari iska suna ta raguwa, kuma wani kaso na gawayin nan, mu faɗi gaskiya, a kasuwanninmu na kudu yake ƙarewa.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na kwana uku-uku. Mu da muke da data da caji, mu ne ya kamata mu riƙa dubawa muna kiran gida. A gaya wa yara da masu kiwo kada su fake a gindin bishiya ko su tsaya a fili. In an ga walƙiya, a ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin a ji tsawa, nisan kusan kilomita 1 ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar gona a shiga ɗaki.