Baƙon da Ke Cin Kasuwar Kwari Daga Nesa

Sharhinmu na yau kan harajin VAT ne, da kamfanonin ƙetare da suke sayar wa mutanen Kano kaya alhali ba su taɓa taka ƙasar Kano ba.

A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice sun shiga Kantin Kwari sun kama 'yan Chana da dama, bisa zargin suna sayar da yadi da atamfa ɗai-ɗai, sana'ar da 'yan kasuwarmu suka daɗe suna kukan ana ƙwace musu. A wancan lokaci baƙon da yake gogayya da ɗan Kwari mutum ne da ido yake gani. Yana da sito, yana da yaran shago, hukuma tana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yanzu wani baƙon ya ƙaru, shi kuwa ko biza ba ya nema, don shagonsa yana cikin wayar da ke hannunmu. AliExpress ya jima ana hulɗa da shi, Temu kuma ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Mace tana ɗakinta a Fagge ko Sabon Gari za ta zaɓi mayafi ko leshi ko jaka, ta biya da kati, bayan 'yan makonni ɗan aike ya miƙo mata ƙunshi a ƙofar gida. Ɗan dako bai ɗauki dila ba, dillali bai ci la'ada ba, mai tebur bai samu ko na shayi ba.

Babu laifi mutum ya sayi abu inda ya fi masa sauƙi. Abin tambaya shi ne, wannan baƙo yana ɗaukar nauyin da mai shago a Kwari yake ɗauka?

Alhajin da ya shigo da kwantenar shadda ta halastacciyar hanya, tun a tashar jiragen ruwa ta Legas kwastan suke karɓar kuɗin fito, su ɗora VAT a kai. Wannan haraji ya fara aiki a ƙasar nan a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, a watan Fabrairun 2020 aka mayar da shi kashi 7.5. Kafin dilar ta iso layin da za a kwance ta, harajin ya riga ya shiga cikin kuɗin kowane turmi. Idan mai sayarwa daga waje ya kauce wa wannan, to ya fara gasar da ratar da ba wayonsa ne ya ba shi ba, sakacinmu ne.

Doka ta yi magana a kan haka. A watan Oktoban 2021 hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta fitar da ƙa'idoji cewa duk kamfanin waje da cinikinsa da mutanen Najeriya ta intanet ya kai dala 25,000 cikin wata goma sha biyu, wajibi ne ya yi rajista, ya karɓi lambar biyan haraji. Ba sai ya buɗe ofis a nan ba, daga inda yake zai cike takardun. Daga nan sai ya riƙa ɗora kashi 7.5 a kan abin da ya sayar, ya karɓa, ya miƙa wa hukuma. An sa wa masu sayar da hidimomi irin su talla da manhajoji ranar 1 ga Janairun 2022, masu sayar da kaya kuma ranar 1 ga Janairun 2024.

Matasan Kwari sun riga kowa ganin wannan doka a aikace. Ku dubi yaron shagon da zai shimfiɗa atamfa a kan benci da hantsi, ya gyara karinta, ya ɗauki hoto, ya sa a Facebook ko Instagram don mai saye a Maiduguri ko Damagaram ta gani. Tun farkon 2022, idan ya biya tallan naira 10,000, sai ya ga an ƙara masa naira 750. Wannan ƙarin shi ne VAT. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa suna murna wai gwamnati ta kama manyan kamfanonin Amurka. Kamfanin mai karɓa ne kawai. Kuɗin daga aljihun yaron shagon nan ya fito, da aljihun matar da ta sayi mayafi.

To tunda mu ne masu biya, haƙƙinmu ne mu bi sawun kuɗin. Nan ne maganar ta fi damuna. An yi shekara da shekaru ana rubuta VAT da sunan jihar da hedikwatar kamfani take, wanda galibi Legas ce, ko da a Kano aka yi cinikin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan batu ne ya tayar da ƙura a watan Oktoban 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon da aka kawo cikin ƙudurorin gyaran haraji. Bayan doguwar ja-in-ja Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin a ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da farkon 2026 don fara aiki da su, FIRS kuma ta koma NRS. Harajin yana nan a kashi 7.5. Rabon jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, kuma kashi 30 na abin da za su raba zai bi wurin da aka yi amfani da kayan ko hidimar.

Wurin da aka yi amfani da kaya, wa zai faɗe shi? Mai sayarwa ne, cikin takardun da yake miƙa wa hukuma. Kamfanin da ya iya kawo ƙunshi har lungun Fagge ya san adireshin mai saye sarai. Idan ba a tilasta masa ya rubuta Kano a gaban cinikin Kano ba, wancan kashi 30 zai tsaya a takarda.

Ba mu kaɗai muke wannan fama ba. Afirka ta Kudu ta fara yi wa kamfanonin intanet na waje rajistar VAT tun 2014. Tarayyar Turai ta soke afuwar da take yi wa ƙananan ƙunshi a watan Yulin 2021, ta ce ko na nawa ne a biya. Amurka ta rufe tata ƙofar ta dala 800 a 2025. Mu kuwa a watan Satumban 2025 hukumar kwastan ta sanar da yafe kuɗin fito ga ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba. Sauƙi ne ga mai saye, na yarda, amma dala 300 turame nawa ne a Kwari? Idan an yafe fito, kuma ba a bibiyi VAT wurin kamfanin ba, an bar mai shago shi kaɗai da kaya a ka.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗa wa na gida. Kowa ya san ba duk dilar da ke Kwari ce ta biyo ta gaban kwastan ba. Hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya tsohuwar hanya ce, kuma kayan fasa-ƙwauri suna cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙunmu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, da na Kakuri a Kaduna. Wanda yake neman a matsa wa baƙo ya yi rajista, ya kamata nasa takardun su zama a kammale. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi ake nufi ba: tun 2020 aka ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba wahalar karɓar VAT, sabuwar dokar ma ta ɗaga wannan iyaka. Manyan diloli kuwa rajistar tana da amfani gare su, domin yanzu mai rajista yana iya cire VAT ɗin da ya biya a kan hidimomi, har da kuɗin talla, daga abin da zai miƙa wa hukuma.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar Kantin Kwari, da hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano, da wakilanmu a Majalisar Tarayya: su nemi NRS ta bayyana sunayen kamfanonin waje masu sayar da kaya da suka yi rajista, da waɗanda ba su yi ba, da matakin da aka ɗauka a kansu. Su kuma nemi a riƙa fitar da lissafin abin da waɗannan kamfanoni suka karɓa jiha-jiha, a ga nawa aka rubuta da sunan Kano.