Kada Mu Saki Reshe Mu Kama Ganye

Babu kasuwar da mutum zai shiga a yau, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, bai ji ana yabon kafofin sada zumunta ba. Ana ce wa ɗan kasuwa zaman rumfa tsohon yayi ne, ya buɗe shafi a Facebook ko TikTok, masu saye za su zo da kansu. Kamfanoni na ce wa mai koke ba sai ya taka zuwa ofis ba, ya aika saƙo ta WhatsApp. Su kuma iyaye ana ce musu su saya wa yaro babbar salula, wai malami na cikinta. A ganinmu lokaci ya yi da za a zauna a auna wannan magana da mudun gaskiya, domin ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ba mu musanta amfanin waɗannan kafofi ba. Mai wake a Maraɗi kan ji farashin Dawanau tun bai yi lodi ba. Direban da ya maƙale a duwan kan sanar da mai kaya nan take. Wanda bai yi boko ba kan aika saƙon murya, a kuma fahimce shi. Duk wannan alheri ne. Inda muke da ja shi ne a ce waya ta isa ta maye gurbin mutum, ko a wajen ciniki ko a wajen karatu.

Abu na farko da ya kamata ɗan kasuwa ya tambayi kansa shi ne, a hannun wa makullin yake? A watan Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a nan Nijar har kimanin kwana 10. A watan Satumba na shekarar, hukumomin Najeriya sun rufe rezo, wato sabis a bakin ƴan'uwanmu na can, a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda yaƙi da ƴan bindiga. A ranar 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kusan awa 6. Maƙwabciyarmu Chadi kuwa ta toshe kafofin daga Maris 2018 har zuwa Yuli 2019. A duk waɗannan lokuta babu wanda ya shawarci ɗan kasuwa. Wanda ya zuba sunayen abokan cinikinsa da lissafin bashinsa cikin waya kaɗai, ya gina rumfarsa ne a filin wani.

Na biyu shi ne batun kula da abokin ciniki. Wa ke cikinmu bai san wanda ya tura kuɗi, aka cire a asusunsa, amma ba su isa ba? In ya aika koke ta shafin kamfani, na'ura ce ke ba shi amsa, ta yi masa godiya, ta ce ya dakata. Kwana biyu, uku, kaya na zaune a tasha, mai mota na jiran kuɗinsa, babu mutum guda da za a riƙe. A kasuwarmu ta gado ba haka abin yake ba. Baƙo na da fatoma, ciniki na da dillali da shaidu, in rigima ta taso akwai sarkin kasuwa. Kowa an san gidansu, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ya rasa ta ke nan.

A waya kuwa cinikin biri a sama ya yi yawa. A nuna maka hoton shadda mai kyau, a aiko maka da wata dabam. A nuna maka alat na bogi, ka saki kaya. Ba mu manta da CBEX ba, wanda aka yi ta tallarsa a waɗannan kafofi da alkawarin ninka kuɗi, ya rushe a watan Afrilun 2025 da dukiyar jama'a a Najeriya. Yawan mabiya a shafi ba shaidar gaskiya ba ne, domin su ma sayensu ake yi.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne karatun ƴaƴanmu. A 2023 hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta fitar da rahoto kan na'urori a makarantu, inda ta nuna cewa ƙwaƙƙwarar hujjar amfaninsu ba ta da yawa. Ta ba da misali da ƙasar Peru, wadda ta raba kwamfutoci fiye da miliyan ɗaya ba tare da an haɗa su da aikin malami ba, karatun yara kuma bai ƙaru ba. Faransa ta hana ɗalibai amfani da salula a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Ostireliya ta haramta wa ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin daga Disamban 2025. Idan masu wuta da rezo dare da rana na ja da baya, mu ina za mu da gudu?

Mu da muka ga gobarar watan Nuwamban 2021 a Maraɗi, wadda ta cinye yara fiye da 20 a cikin azuzuwan zana, mun san abin da lakwal ɗinmu ke nema: aji na gini, tebur, littafi, da malamin da ake biya a kan lokaci. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, in an miƙa masa waya, kallo zai yi, ba karatu ba.

Saboda haka muna kira ga ƴan kasuwa da su riƙi waya a matsayin ɗan aike, ba maigida ba. A ci gaba da rubuta bashi a littafi. Kada a saki kaya sai an tabbatar kuɗi sun shiga asusu. Baƙon fuska kuma a nemi wanda zai tsaya masa. Kamfanonin waya da na tura kuɗi su buɗe ofis a kasuwannin iyaka, su zaunar da ma'aikaci mai jin Hausa wanda zai warware matsala ido da ido. Hukumomi kuma, kafin su sa hannu a kwangilar na'urori, su fara ƙirga azuzuwan zana da suka rage. Iyaye su tuna cewa kuɗin babbar salula guda ya ishi littattafan yaro na shekara.

Magabata sun ce zuwa da kai ya fi aike. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma shirya mana zuri'a, amin.