Ina Malaman Rabin Aji Suke Shiga Bayan Sun Gama Kwaleji?

Kowace shekara kwalejojin horon malamai na Nijeriya suna yaye ɗalibai waɗanda suka yi shekara 3 suna koyon renon yara ƙanana da karantar da su, watau yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba. A ba su takardar NCE, a yi addu'a, kowa ya kama hanyar garinsu. To, daga wannan rana kuwa labarinsu ya ɓace wa kwalejin da ta hore su, ya kuma ɓace wa Gwamnatin da ta kashe kuɗi a kansu. In ka tambayi kwaleji mutum nawa ta yaye, nan da nan akawu zai buɗe littafi ya faɗa maka. Amma tambaye shi mutum nawa daga cikinsu ke tsaye yau gaban yaran rabin aji, sai ka ji shiru.

Wannan shiru ba ƙaramin abu ba ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da yara ƙanana cikin ilmin tushe, kuma tsarin ilmi na ƙasa da aka sake a 2013 ya ce kowane yaro ya yi shekara ɗaya a rabin aji kafin ya shiga firamare. Hukumar da ke lura da kwalejojin ilmi, wadda aka kafa a 1989, ta ware wannan fanni ya zama sashe mai zaman kansa cikin manhajar da ta gyara a 2012. Ashe ke nan an yi doka, an buɗe sashe, ana ta horo. Abin da ya rage shi ne a san ko horon yana isa wurin yaran da aka yi shi dominsu.

A zamanin En'e wannan tambaya ba ta taso ba, domin En'e ita ke aika yaro kwalejin horon malamai, ita ke biyan kuɗinsa, ya sa hannu zai komo ya yi mata aiki. Sunansa na cikin littafin ofis tun kafin ya gama. Yanzu ɗalibi shi ke kai kansa, ba wanda ya yi masa alkawarin aiki. Har wa yau mai NCE ba ya zuwa bautar ƙasa, balle a ce sunansa ya sake fitowa a wata rajista bayan ya bar makaranta.

Hanya ta farko da mutane ke ambata ita ce a duba takardun biyan albashi na hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi. Tana da sauƙi, ba ta cin kuɗi, amma gurguwa ce. Takardar albashi tana faɗin wanda Gwamnati ta ɗauka, ba ta faɗin ajin da yake ciki. Mu da kanmu, a wani rangadin duba makarantu, mun iske malama mai takardar wannan fanni an ɗora ta kan lissafin aji shida don babu malami, rabin aji kuwa an bar shi hannun wata da ba ta taɓa samun horonsa ba, yara sun cika ɗaki suna zaune a ƙasa. A takarda an ce wannan malama ta sami aiki. Ga yaran da aka hore ta dominsu kuwa, daidai take da wadda ba a ɗauka ba. Sa'an nan takardar albashi ba ta san makarantun kuɗi ba, ba ta san na Islamiyya ba, alhali nan ne da yawa daga cikin masu wannan takarda suke fara neman abinci.

Akwai kuma rajistar Majalisar Yi Wa Malamai Rajista, wadda aka kafa da dokar 1993, ta kuma soma jarrabawar shiga sana'a a 2017. Ita lasisi take nunawa, ba aiki ba. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da ƙidayar ma'aikata da hukumar UBEC ta yi a 2018 da 2022 sun fi kusa da biyan bukata, domin suna shiga har makarantun kuɗi. Amma duk waɗannan daga ƙofar makaranta suke farawa. Wanda bai sami shiga ba, ba za su taɓa ganinsa ba, shi kuwa ne muke nema.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, lalle ƙidaya ta fara daga littafin kwaleji, tun ɗalibi bai fita ba. Kafin a miƙa wa kowa takardarsa, a rubuta lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, da garinsu, da lambar wayarsa, da ta wani babba na gidansu. Wannan ta ƙarshe kada a raina ta. Mafi yawan masu karatun wannan fanni mata ne. Yarinya ta gama, a yi mata aure, ta tare a wani gari, ta sake waya, wata ma ta koma amsa sunan miji. Mahaifi ko wa shi ne ba ya sauya wuri da sauri. Da lambar ɗan ƙasa kuwa ana iya gwama littafin kwaleji da takardar albashi da rajistar malamai ba tare da an ruɗe ba, don kowane akawu ya san yawan masu suna iri ɗaya a rajista guda.

Bayan shekara ɗaya a neme su, bayan shekara uku a sake nema. Tambayoyin kada su yi yawa: kina aiki? A wace makaranta, wane aji? Nawa ake biyanki, ana biya kan kari? In ba ki aiki, nema kika yi ba ki samu ba, ko gida ne ya hana? Amsoshin nan biyu na ƙarshe maganinsu ba ɗaya ba ne, bai kamata a zuba su a layi guda ba. Tambayar albashi ma tilas ce, domin tun 2024 mafi ƙarancin albashi a doka naira dubu 70 ne, kuma wanda ya zaga ƙananan makarantun kuɗi na unguwa ya san ba duka ke kai wa nan ba.

Amma fa ga inda ake faɗawa rami. A ce kwaleji ta yaye mutum 200, ta aika musu da tambaya, 50 suka amsa, 40 daga ciki suna aiki. Sai a rubuta rahoto a ce kashi 80 cikin ɗari sun sami aiki, shugaba ya karanta a ranar yaye ɗalibai, a yi tafi. Gaskiyar magana ita ce mutum 40 kaɗai aka tabbatar, 150 ba a san halinsu ba. Wanda ya samu shi ke saurin amsawa. Wanda ke zaune a gida kunya ke hana shi. Gara a zaɓi mutum 60 ta hanyar ƙuri'a, a bi su ɗaya ɗaya, ta waya ko ta hannun sakataren ilmi na ƙaramar hukumarsu, har a sami kusan dukansu. Kowane rahoto kuma ya faɗi adadin waɗanda aka kasa samu a layin farko, ba a ƙasan shafi ba.

Wa zai yi aikin? A ganinmu kwaleji ta tara sunaye, amma kada ita kaɗai ta yi lissafin, don mai kaya ba ya kushe kayansa. Ma'aikatar ilmi ta jiha ta karɓi littafin, ta sa akawu guda wanda wannan ne aikinsa, ta kuma tsare sirrin mutane yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta ce. In lissafi ya nuna ana yaye malamai ba a ɗaukarsu, sai a buɗe musu gurabe ko a rage ɗiba. In ya nuna ana ɗaukarsu ana kai su wani aji, to, maganar ta koma kan hedimastoci da mu masu duba makarantu, kuma wannan ana iya gyara shi tun zangon karatu mai zuwa.