Jirgin Ƙasa Ba Tarago, Ina Amfaninsa Ga Manomi?

Jama'a, makon jiya wani manomi ya tambaye ni, ya ce, "Malam, wannan sabon dogo da ake shimfiɗawa, namu ne ko na 'yan birni?" To, ga amsata.

Ku tuna, a 1911 dogo ya iso Kano. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, amma manoman Kano suka yi lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi. Tun daga 1912 sai gyaɗa ta cika tasha har ta rasa wurin zuba. Daga nan aka ja reshe zuwa Ƙaura Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, aka kai Maiduguri a 1964. Kaya aka bi, watau gyaɗa da auduga da fatu da shanu. Dalar gyaɗa da ake labari kuwa, buhuna ne masu jiran tarago.

Akwai abin da ya kamata kowa ya gane. Faɗin tsohon dogo, daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ƙafa 3 da inci 6 ne. Sabon kuwa, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne. Saboda haka taragon tsoho ba ya hawa sabo. In buhu ya taso daga Gusau a tsohon layi, sai an sauke shi an sake lodi. Kowace saukewa kuwa akwai ladan 'yan dako, ga yagewar buhu, ga jinkiri. Ɗan kasuwa ba zai ɗauki wannan hasara ba, a kuɗin manomi zai cire ta.

Mun taɓa ganin irin wannan. Ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, bai dace da babban layi ba, a 1957 aka rufe shi.

A 2021 aka fara aikin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ƙasar gero ce da wake da dabbobi. A ganina, tasha mai kyau ba ta isa ba. Kowane gari mai kasuwar hatsi yana bukatar abu uku: ɗan reshen dogo inda tarago zai tsaya a yi masa lodi ba tare da ya tare hanya ba, da sito mai rufi kusa da sikeli, da turken loda shanu mai ruwan sha.

Mu ma da namu. Kada mu yi noma har gindin dogo, kada mu kwashe tsakuwar da ke riƙe da shi, kada mu toshe kwalbati. Ruwan damina ɗaya ya isa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Ku gaya wa hakimanku da wakilanku tun ana aiki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.